Wata Shidan da Aka Ɗibar wa Malam Tunku

Ƙuba, Madina,
6 ga Rabi'us Sani.

Zuwa ga Yayana Abdulmajid,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa daga garin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Sakinatu da yara da dukkan mutanenmu na Kurna. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya raba ka da ciwon gwiwar nan da ka ƙi kai wa likita. Mu nan alhamdu lillahi, zafi ya fara sauka, har mukan kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da safe mu buɗe taga. Baban Suhaila yana can jami'a yana fama da takardun ɗalibai, ni kuma ina nan a ɗakin magani na asibitinmu. Suhaila ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, har yanzu kuma in ka yi mata Hausa Larabci za ta mayar maka. Hajiya lafiyarta ƙalau, kuma wannan karon da gaske nake faɗa, ba irin lafiya ƙalau ɗin da muka saba yi wa juna a waya ba.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun Ɗan'inna alhali ko shekaranjiya mun yi waya. Umarnin Hajiya ne. Ta ce in dai a waya ne ba za ka bari in kai ƙarshen zance ba, za ka katse ni ka hau faɗa, ni kuma in hau kuka, a tashi ba a faɗi komai ba. Don haka da ta ji Ɗan'inna ya gama umara zai koma, ta ce in zauna in rubuta, ita kuma ga ta can a kan darduma tana gadina. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka ɗauki waya, domin laifi zan amsa, amma a bayansa akwai albishir.

Ka tuna watan Rajab, ranar da sakamakon gwajin ƙululun wuyan Hajiya ya fito, likita ta ce ciwon daji ne na kaluluwa, wanda suke kira limfoma. Ka ce kada a gaya mata. Ka ce ta yi jinyar Baba da wannan ciwon har ya rasu, jin sunan kawai zai karya mata zuciya. Na yi maka alkawari, kuma a lokacin ni ma na ga gaskiyarka. Tunda Hajiya ba ta jin Larabci, ni ce tafinta a asibiti, sai na riƙa karkata zancen. Likita ta ce ciwon daji, ni in ce sanyi ne ya taru. Likita ta ce a fara ƙarin ruwan magani sau shida, ni in ce ruwan ƙarin ƙarfi ne. To ka san Hajiya. Ta ce ita ba za a kwantar da ita a soka mata allura saboda sanyi ba, sanyi nawa ta gani a duniya, a ba ta citta da kanumfari. Da ƙyar ta yarda da wata ƙaramar ƙwaya fara da aka rubuta mata ta riƙa sha kafin a fara. Likita kuwa duk zuwan da muka yi sai ta ja ni gefe ta ce kwanaki suna tafiya, kuma ba ta jin daɗin abin da muke yi. Sati huɗu na yi ba na iya cin abinci, Yaya. Ni da nake ba mutane magani kullum, na rasa yadda zan ba uwata nata.

A nan ne Malam Tunku ya shigo zancen. Ka taɓa hango shi a waya, ka tambaya ko ɓera muke kiwo yanzu. Ba ɓera ba ne, wata 'yar dabba ce doguwa siririya mai kama da tunku, feret ake ce mata, mutanen nan suna ajiye ta a gida kamar kyanwa. Wata ƙawar Suhaila ce ta bar mata shi da za su tashi daga Madina, yanzu shekara biyu ke nan, ya zo mana da shekara uku. Suhaila tana kiransa Fustuƙ, amma tun ranar da Hajiya ta shaƙi warinsa ta raɗa masa Malam Tunku, sunan kuma ya bi shi. Ba su taɓa shiri ba. Ɓarawo ne na gaske: silifa, carbi, murfin biro, safa, duk abin da ya iya ja sai ya kai ƙarƙashin kujera ya ɓoye, kuma a cikin gidan nan kaf kayan Hajiya ya fi so. Sau nawa ta idar da salla ta tarar da takalmi ƙafa ɗaya. Ta sha cewa ita dai ba ta taɓa ganin gidan da ake kunna wa ɓarawo mukayyif ba, ga shi ba ya kama ɓera, ba ya ƙwai, ba a cin namansa.

A farkon Sha'aban sai ya daina sata. Hajiya ce ma ta fara lura, ta ce kwana uku ke nan takalmanta suna inda ta ajiye su, a duba dabbar nan. Ya rame, ba ya cin abinci, ga ƙululu a ƙarƙashin muƙamuƙinsa. Likitan dabbobi ya ɗebi ruwan ƙululun ya ce a dawo ran Asabar. Ka san Asabar ba ta wuce Hajiya ba ta je Masallacin Ƙuba ta yi raka'a biyu ba, ni kuma ina da aiki ranar. Sai Baban Suhaila ya kwashe su a mota ɗaya, daga masallaci suka wuce asibitin dabbobi a Aziziyya. Ya tsaya neman wurin ajiye mota, Hajiya ta ce ba za ta zauna a mota ta gasu ba, ta bi jikarta ciki. Ko kusa ban kawo komai a raina ba da suka fita.

Abin da na manta shi ne, a can Suhaila ce tafinta, ba ni ba. Ita kuwa Hausarta ba ta kai ta kwana-kwana ba, abin da aka faɗa shi take ajiyewa yadda yake, kuma ba ta san komai game da ciwon kakarta ba don ita ma mun ɓoye mata. Likitan, wani dattijo ɗan Masar, ya ce limfoma ce. Hajiya ta tambayi me ya ce, Suhaila tana hawaye ta ce kansa ce, ta ƙululu. Don girmamawa ga babba, likitan ya ce Hajiya ta kawo hannu, ya ɗora yatsunta a wuyan dabbar da hammatarsa da bayan ƙafarsa, ya nuna mata inda suke fitowa. Suhaila ta ce mini daga baya ta ga Jadda, haka take kiran kakar tata, ta cire hannu ta kai wuyanta ta cikin hijabi, amma ta ɗauka gyarawa take yi.

Daga nan Hajiya ta karɓe tambayoyin, ita da ta shigo don ta sha sanyi kawai. Ta ce a tambaye shi, mai wannan ciwon kwana nawa yake yi. Likitan ya ce sani na Allah ne, amma abin da ya gani a aikinsa, in ciwon ya kama ƙaramin feret yakan tafi da shi cikin makonni, in kuwa babba ne kamar wannan yakan bi a hankali. Ya ce in an bar shi haka ba zai daɗe ba, in ana ba shi ƙwaya kullum zai dawo cin abinci da wasa, wani ya yi wata uku, wani ya haura shekara. Hajiya ta ce ita ba wani da wani ta tambaya ba, wannan da ke gabansu take nufi. Ya yi dariya ya ce in dole sai ya faɗi, to a sa wata shida. Ta ce madalla, ga mutum mai amsa abin da aka tambaye shi.

Suka dawo da maganin ruwa a 'yar kwalba. Tun daga ranar Hajiya ta ƙwace jinyar daga hannun Suhaila, wai ita tana makaranta da safe. Ta so ta haɗa masa da dabinon ajwa, aka ce likita ya hana shi duk wani abu mai zaƙi, ta ce wannan kam bai yi sa'a ba, a Madina yake amma ba ya cin dabino. Sai ta koma gwaiduwar ƙwai da naman kaza da ta daka da kanta, ruwan shansa kuwa zamzam. Kafin sati ya zagayo ya miƙe, silifarta ta ɓace, na ji ta tana yi masa faɗa da wata murya da ban ji ta yi ba tun Rajab.

Yanzu ga wautata. Kwana goma sha uku da farawa Suhaila ta ture kwalbar ta fashe, ran Juma'a da hantsi, ko'ina a rufe. Na duba takardar maganin, na ga ai irin ƙwayar Hajiya ce, sunan ɗaya. Na kira likitan, ya ce in raba ɗaya gida huɗu in ba shi kashi guda. Ban yi tunanin komai ba, aikina ne na kullum, hannuna ne kawai ya tafi. Na shiga ɗakin Hajiya, na buɗe jakar maganinta a gabanta, na ɓalli ƙwaya ɗaya, na sa wuƙa na raba, na murƙushe a gwaiduwa. Tana zaune tana kallona har ya lashe cokalin. Sai ta sa Suhaila ta ɗauke shi su fita, ta ce in rufe ƙofa in zauna.

Ta ce, “Safiyyatu, shi ma Malam Tunkun sanyi ne yake damunsa?”

Yaya, na buɗe baki in sake wata ƙaryar, babu ko ɗaya da ta rage. Na fashe da kuka na faɗa mata komai, har da alkawarin da na yi maka. Ina jiran ta rushe, sai na ji tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce tun a Rajab ta san akwai magana, domin likita takan yi dogon bayani fuska a ɗaure, ni kuma in fassara da kalma uku ina murmushi. Ta ce ta ƙi ruwan ne don ba za ta miƙa jijiyarta ga abin da aka ƙi gaya mata sunansa ba. Abin da ya fi ci mata rai, ta ce, shi ne zaman kaɗaici da abin a ranta, tana ganin muna tsoro, ita kuma tana tsoron ta tambaya ta ƙara mana. Game da Baba kuwa, ta ce ba sunan ciwon ne ya karya ta ba, ɓoye masa da aka yi ne, har ya tafi bai yi sallama da kowa yadda yake so ba. Wannan maganar ta shige ni, domin ban taɓa sanin haka ta ɗauki abin ba.

Ranar Lahadi muka koma asibiti, amma ta ce ta sallame ni daga aikin tafinta. Ta sa aka gaya wa Suhaila gaskiya, ta tafi da ita, ni aka bar ni a kan kujera kamar baƙuwa. Ta yi wa likitarta tambayar da ta yi wa likitan dabbobi, kalma a kalma. Likitar ta ce nata irin wanda yake jin magani ne, in an yi ruwan nan shida kuma jiki ya karɓa, ana maganar shekaru ne da yardar Allah, in kuwa aka ci gaba da jinkiri, lissafin zai canja. Hajiya ta ce to me ake jira. A satin aka fara.

Ga laifina na biyu, wanda ya fi na farko. Na so in kira ka a ranar, Hajiya ta hana. Ta ce kai ka yanke a ɓoye mata, to ita ma za ta ɓoye maka, ka ɗanɗana, kuma ba ta son ka kwana da fargaba kana nesa har sai an ga ƙarshen maganin. Shi ya sa na ce maka na lallashe ta ta yarda da ruwan ƙarin ƙarfi, har ka yaba mini da dabara, ni kuwa kunya kamar in nutse. Wata takwas ke nan duk Juma'a kana kiranta kana tambayar yaya sanyi, tana ce maka sanyi da sauƙi, kana ba ta shawarar ta riƙa shafa man zafi, tana cewa to Allah ya yi albarka. In ta ajiye wayar sai ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yaron nan tun yana ƙarami bai iya ƙarya ba, muryarsa rawa take yi. Hijabin da kake ganinta da shi a waya ko da tsakar rana, gashi ne ya zube. Yanzu ya fara tsirowa, fari fat, mai laushi.

Ba zan ce maka an sha da daɗi ba. Bayan ruwa na uku ta yi kwana biyar ba ta iya ɗaga kai, bakinta ya yi gyambo, azumi ma bana ciyarwa aka yi mata, abin ya dame ta ƙwarai. Amma ko a ranakun nan sai ta sa an kawo mata Malam Tunku da cokalinsa, ta ce ba ya karɓa a hannun kowa, wanda ba gaskiya ba ne, a hannun kowa karɓa yake. Da hantsi sukan sha magani tare, ta haɗiye nata tana harararsa, ya lashe nasa ya haye cinyarta ya yi barci. Matar da ta ce ba za ta yi salla a inda ya taka ba, ita ce da zafin bazara ya tsananta ta sa aka mayar da kejinsa ɗakinta, wai mukayyif ɗinta ya fi sanyi, kuma likita ya ce zafi yana kashe irinsu.

Lissafin wata shidan nan kuwa ita ta riƙe shi, ba Suhaila ba. Duk tsayuwar wata sai ta ce saura kaza. Ranar da Safar ya kama, shidan suka cika, Malam Tunku ya wayi gari ya sace carbinta na Makka. Ta sa aka dafa shinkafa da kaza, ta kira maƙwabciyarmu Khalida da 'ya'yanta, wai walima. Khalida jikar mutanenmu ce da suka zo aikin hajji tun da daɗewa suka zauna, Hausarta ta gauraye da Larabci, ta yi ta tambaya walimar mece ce, saukar Alƙur'ani ko ɗaurin aure. Da aka nuna mata mai walimar yana jan ƙashin kaza zuwa ƙarƙashin kujera, ta yi dariya har ta ƙware. Da suka koma wurin likitan dabbobi, Hajiya ta sa Suhaila ta gaya masa wa'adinsa ya wuce, ko zai ƙara musu wani. Ya ɗaga hannu ya ce ya tuba, ba zai sake ba ta lamba ba.

To ga albishir ɗin. Ranar Talatar da ta wuce aka karanta mana hoton da aka yi wa Hajiya bayan gama ruwa na shida. Likita ta ce ba ta ga komai ba, ƙululun duk sun tafi, sai dai a riƙa dubawa duk bayan wata uku. Suhaila ce ta fassara, kuma don murna ta manta Hausar gaba ɗaya, ta rungume ta tana ta cewa khalas ya Jadda, khalas, wato an gama, sai da Hajiya ta ce a samo mata mai jin Hausa. Ni kuwa sujada na yi a nan ofishin. Ban taɓa jin farin ciki irin na ranar ba, kuma abin da ya rage mini shi ne ba ka wurin.

Shi Malam Tunku nasa ba mai warkewa ba ne, mun sani, Suhaila ma ta sani. Ƙululun wuyansa sun fara dawowa, ya fi da yawan barci, an ƙara masa magani. Amma yana ci, yana wasa da yamma, jiya ma ya gudu da safar Baban Suhaila. Wata biyu ke nan yana cin ribar kwana, ba wanda yake ƙirgawa kuma.

Yaya, na karya alkawarinka, sannan na yi maka ƙarya wata takwas. Ba ni da hujja sai cewa umarnin uwa ne, kuma ka san ba a yi wa Hajiya gardama a ci. Ka yafe mini. Na san don ƙauna ka ce a ɓoye, ni ma don ita na bi ka, amma da mun ci gaba a haka da mun rasa ta muna ganin muna kare ta. Yanzu ta ce in rubuta wannan yadda ta faɗa, kada in gyara ko kalma ɗaya, ta ce ta san halina:

“Ki gaya wa Abdulmajid na yafe masa ƙaryarsa, shi ma ya yafe mini tawa, mun yi kunnen doki. Ya daina yi mini muryar ta'aziyya a waya. Ya nemi biza ya zo in kai shi Ƙuba da ƙafata. Kuma ya yi sauri, ba don ni ba, ni an ce ina nan. Ina so ya zo ya gaida Malam Tunku tun yana da rai, don duk gidan nan shi kaɗai ne bai ɓoye mini komai ba sai takalmi.”

Ka gaida Anti Sakinatu da kyau, ka ce daddawar da ta aiko ta ƙare, Hajiya kuma bakinta ya dawo, miyar kuka take nema. Ka gaida Suhaib da Jidda da Abdul'aziz, Allah ya yi musu albarka ya ba su sa'ar karatu. A gaida Gwaggo Uwa, ita ma yanzu kana iya gaya mata komai, da Kawu Bakri da iyalinsa. Ɗan'inna zai ba ka dabino da zamzam, ƙaramin ƙullin na Gwaggo ne. Baban Suhaila yana gaisuwa, Suhaila ma ta ce a gaida Khalu, wato kai kawunta. In ka gama karantawa ka kira, Hajiya ta ce ita za ta ɗauka, kuma kada ka kuskura ka tambaye ta sanyi.

Allah ya sada mu da alheri a wannan gari mai albarka. Wassalam.

Ƙanwarka,
Safiyyatu.